Karatun Zane: Nazari a kan Ayyukan Bruce Onobrakpeya

Duk wanda ya taɓa buɗe littafin koyon karatu na manya, irin wanda ake rabawa a cibiyoyin yaƙi da jahilci na ƙasar Tasawa da Mayahi, ya san fasalin shafinsa: harafi a bisa, kalma a ƙarƙashinsa, sa'an nan a gefe ga ɗan zanen rago ko tulu ko hauya. Harafin dai ya sha zama. Tun daga taron Bamako na 1966 har zuwa na Yamai na 1980, wanda ya kusanto da rubutun Hausar Nijar da na Nijeriya, babu ƙugiya ko dogon wasalin da masana ba su yi gardama a kansa ba. Zanen da ke gefe kuwa, sau da yawa sai an ƙare kome ake neman wanda zai yi shi, kamar dai shi ba ya bukatar a koyi karanta shi. Alhali kuwa a kansa idon manomin Gidan Amumune yake fara sauka ranar da aka miƙa masa littafin, tun bai san baƙi ko ɗaya ba.

Wannan maƙala za ta dubi ayyukan wani mashahurin mai zane na Nijeriya, Bruce Onobrakpeya. Shi ba Bahaushe ba ne, mutumin Urhobo ne, an haife shi ran 30 ga Agusta 1932 a Agbarha-Otor, cikin jihar Delta ta yanzu, mahaifinsa kuwa masassaƙi ne. Abin da ya kawo shi cikin wannan mujalla shi ne, a Zariya ya yi karatun zane, kuma sau biyu ya ɗebo daga ƙasar Hausa da Sahel ya zuba cikin aikinsa. Bayan haka, irin zanen da ya yi suna da shi zane ne da ake bi da ido layi-layi, kamar yadda ake bin aikin riga ko na ƙwarya. Mai shirya littafi yana da abin koyo a nan, yana kuma da abin da zai yi hattara da shi.

1. Maganar kalmomi

Kafin a shiga cikin aikin, sai an gyara kalmomi. A tsohon rubutun Nijar mai ninka wasali, zaane daban ne, zane daban: na farko layin da aka ja, na biyu tufar mace. Daidaitacciyar ƙa'ida ta haɗe su a rubuce, ta bar wa jimla aikin rarrabewa. Daga tushen na farkon ne ake samun zanen fuska na gado, daga nan ne kuma ake cewa an zane yaro, watau tsumagiya ta bar masa layi a jiki. Ke nan ga Bahaushe zane layi ne da ya shiga jikin abu ya bar gurbi. Wannan ma'ana ta fi dacewa da sana'ar da ake magana a kanta fiye da kalmar hoto, wadda ya kamata a bar wa na'urar ɗauka. A nan za a ce zanen ɗab'i ga duk zanen da ake sassaƙawa a jikin wani abu domin a buga shi a takarda sau da yawa, a ce karcen ƙarfe ga reshensa da ake yi da ruwa mai cin ƙarfe.

Ga yadda ake karcen ƙarfe. Ana samun fallen jan ƙarfe ko tutiya mai santsi, a shafe fuskarsa da wani abu mai kama da kakin zuma. Mai zane ya ɗauki tsinken ƙarfe ya yi zanensa a bisa kakin, duk inda tsinken ya bi ƙarfen ya bayyana. Sai a tsoma fallen cikin asid, shi kuwa ya ci wuraren da aka buɗe masa kaɗai. A wanke kakin, a cusa tawada cikin ramukan, a goge saman tas, a ɗora takarda mai danshi, a tura su tare tsakanin naɗin injin matsa. Takarda ta tsotse tawadar da ke cikin ramukan, zane ya fito, amma a juye: dama ta koma hagu. Rembrandt na ƙasar Holan, wanda ya rasu a 1669, da wannan hanya ya yi ɗaruruwan zanensa. Wanda ya taɓa zama kusa da mai zanen ƙwarya a kasuwa, ya ga yadda ake tsaga layi da wuƙa sa'an nan a murza baƙin tukunya ko alli a ciki domin layin ya fito, ya riga ya san rabin wannan sana'a.

2. Zariya

Onobrakpeya ya shiga Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya a watan Oktoba na 1957, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Malaman sashen zane galibinsu Turawan Ingila ne, kuma abin da suke koyarwa shi ne ƙa'idar makarantun ƙasarsu: auna gaɓoɓin jiki, da inuwa, da dabarar ƙanƙanta abin da ke nesa domin takarda ta zama kamar taga. A 1958 waɗansu ɗalibai suka kafa ƙungiyarsu, Uche Okeke ne jagora, a ciki akwai Demas Nwoko da Yusuf Grillo da shi Onobrakpeya. Daga baya aka yi musu laƙabi da ƴan tawayen Zariya. Manufarsu a taƙaice ita ce a karɓi kayan aiki da dabara daga Bature, amma abin da za a faɗa da yadda za a tsara shi su fito daga gida. Ƙungiyar ba ta wuce 1961 ba, sai dai tasirinta ya daɗe.

Ayyukansa na wannan lokaci, tsakanin 1957 da 1962, tatsuniyoyin Urhobo ne da shimfiɗar ƙasar Arewa. Kunkuru, wanda a tatsuniyar mutanensa yake riƙe da matsayin Gizo, yana yawan fitowa a ciki. Garin da yake zaune kuwa gari ne da magina suke yi wa bango ado mai tudu da kwari, inda dagi yake zaune a kan ƙofar zaure, garin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wa masallacin Juma'a a ƙarni na 19. Ba a cewa daga nan kaɗai ya samo son cika fili da ado, domin sassaƙar Benin da adiren Yarbawa suna da rabonsu babba. Amma wanda ya san bangon Zariya ba zai ji baƙunta ba in ya tsaya gaban aikinsa.

Akwai wani abu da ya kamata masu nazarin adabin Hausa su riƙe. A 1962 aka buga littafin Cyprian Ekwensi mai suna An African Night's Entertainment, kuma Onobrakpeya ne ya yi masa zane-zane. Labarin littafin, da Malam Shehu da Zainabu da ɗansu Kyauta da mai neman fansa, shi ne labarin Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga cikin littattafan da suka biyo bayan gasar 1933. Neil Skinner ya gwada littattafan biyu a wani nazari da ya buga a 1973. Watau labarin Hausa ya ƙetare zuwa Turanci, can ya gamu da hannun mai zanen da aka horar a garin da aka fara buga shi. Ya kuma yi wa No Longer at Ease na Chinua Achebe zane, da fassarar da Wole Soyinka ya yi wa littafin Fagunwa a 1968. Saboda haka ba baƙon shafin littafi ba ne, ya san abin da ake nufi da zane ya zauna kusa da rubutu.

Daga zane-zanensa na fenti, wanda aka fi sani shi ne Damisa a Gonar Masara na 1965. Ba damisar littafin kimiyya ba ce. Ba a auna ta da ma'aunin da malaman Zariya suka koyar ba, ba a kuma buɗe wani nisa a bayanta domin ido ya tafi yawo ba. Damisar tatsuniya ce, irin wadda yaro yake gani a zuci sa'ad da kaka take ba da labari da dare, kuma tsoron da ke cikin zanen yana zuwa ne daga kusancinta da abincin gida.

3. Fallen da ya lalace

Daga 1963 zuwa 1980 yana koyarwa a kwalejin St. Gregory ta Legas. A farkon wannan lokaci ya halarci tarurrukan koyon zanen ɗab'i da wani Baholanɗe, Ru van Rossem, ya gudanar a Ibadan da Oshogbo, a nan ya kama karcen ƙarfe sosai. A 1967 asid ya ci masa wani falle fiye da kima, ya bar ramuka inda ba a so. Maimakon ya yar, sai ya cike ramukan da danƙon Araldite. Da ya buga, wuraren da danƙon ya daskare suka fito da tudu da kwari a jikin takarda, abin da karce na ƙa'ida ba ya bayarwa. Daga nan ya mai da kuskuren hanya: ya riƙa zuba danƙon a kan falle da gangan, ya sassaƙe shi bayan ya bushe, ya sa launi dabam a kwari, dabam a tudu. Ya sa wa dabarar suna plastograf. Daga baya ya riƙa matsa siririn fallen alminiyam a kan irin wannan sassaƙa, ya shafe shi da launi, aikin ya fito kamar tagulla.

A nan ne gwanintarsa take, a nan kuma ya kamata a daɗe. Takardar da ta fito daga irin wannan falle ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. In haske ya zo mata daga gefe, layukan suna yin inuwar kansu, hannu kuma yana son ya shafa. Mutanen da ke ciki ba su tsaye cikin sarari. Kowane taƙi na fili an cika shi da saƙa, ko ɗigo, ko murɗe, har ya zama tufar mutum da abin da ke bayansa hannu ɗaya ne ya yi su. Sau da yawa abin da ya fi girma a shafin shi ne abin da ya fi muhimmanci, ko da ba shi ne mafi kusa ba. Wanda aka horar da idonsa a kan hoto zai ce zanen ya cushe. Maɗinkin da ya san aska takwas da tambari a gaban riga ba zai faɗi haka ba, domin ya saba da fili wanda ake farawa daga kusurwa, a bi zare har a kewayo. Haka macen da take saƙa faifai ko tabarmar kaba a ƙauyukan da Gulbin Kaba ya ratsa, haka almajirin da aka yi wa allon zayyana ranar saukarsa.

Wannan batu ya taɓa wata tsohuwar gardama ta masu yaƙi da jahilci. A 1960 William Hudson ya buga sakamakon gwajin da ya yi a Afirka ta Kudu da wani zane: maharbi riƙe da mashi, ga barewa a gabansa, ga kuma ƴar ƙaramar giwa a tsakani bisa tudu, wadda aka ƙanƙanta domin a nuna tana nesa. Da yawa daga waɗanda ba su yi makaranta ba suka ce giwar ake nufi da mashin. Aka daɗe ana kafa hujja da wannan cewa mutumin karkara ba ya gane zane. Amma abin da aka gwada ƙa'ida ɗaya ce daga cikin ƙa'idodin zane, ta Turai, wadda ita ma koyon ta ake yi kamar yadda ake koyon cewa boko daga hagu yake farawa, ajami daga dama. Ayyukan Onobrakpeya shaida ne cewa ana iya yin zane na zamani, wanda manyan gidajen ajiye zane na duniya suke nema, ba tare da an jingina ga waccan ƙa'ida ba.

Jerin zanensa goma sha huɗu na 1969 a kan hanyar gicciye, wanda ya samo asali daga aikin da ya yi wa majami'ar St. Paul ta Ebute Metta a Legas, ya nuna wani gefen na wannan. Ya sa wa mutanen ƙissar tufafin Nijeriya, sojojin Rum kuwa ya sa musu kayan sarki irin na zamanin mulkin Ingila. Mai kallo na Legas, shekara 9 bayan samun mulkin kai, bai bukaci a gaya masa ko su wane ne masu iko a cikin zanen ba. Tufa ta yi aikin da jimla guda za ta yi.

4. Dodannin Sahel

Komowarsa ta biyu ga Arewa ita ce jerin da ya kira Sahelian Masquerades, tsakanin 1985 da 1988, inda ya ɗauki al'adun mutanen bakin hamada da matsalar fari da gurgusowar rairayi. Tun daga sunan mai fassara zai yi tuntuɓe. Kalmar da ta fi kusa ita ce dodo, amma dodon Hausa na tatsuniya ne, ko kuwa na maƙwabta. Abin da ake nufi a ƙasar Urhobo, watau mutum ya shiga cikin sutura da fuskar itace ya zama muryar kakanni, ba shi da takwara sosai a Gobir ko Katsina ko Damagaram. Akwai shigar ƴan tashe, akwai ta ƴan bori, akwai amawalin Buzu da kwalliyar samarin Bororo a gerewol, amma kowanne da ma'anarsa. Mai zanen ya dubi mutumin Sahel da rawaninsa da layunsa da idon mutumin kurmi, ya ga dodo. Ba laifi ba ne, kowa da idon gidansu yake kallo. Sai dai ya kamata a san cewa fassara ce, kuma ta bar wani abu a baya.

Dogayen siffofin wannan jeri, masu tsayuwa kamar ginshiƙai, lulluɓe da ado daga sama har ƙasa, suna da kwarjini ƙwarai, kuma nufin mai su a fili yake: mutanen nan ba su durƙusa ba. Amma mutanen ƙasar Mayahi sun san shekarun da suka haifi wannan aiki. Sun san 1973 da 1974. Sun san yunwar 1984 zuwa 1985 wadda ake kira El Buhari a jihar Maraɗi, saboda ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya a watan Afrilu na 1984. Sun san jiƙa anza kwana da kwanaki domin ɗacinta ya fita, da sayar da saniya a kan kuɗin da bai kai na buhun hatsi ba, da gidajen da aka ja wa ƙaya aka tafi. Ƙyallin alminiyam mai kama da tagulla ba ya ɗaukar wannan. Goya na Sipaniya, da ya karce yunwar Madrid ta 1811 zuwa 1812 a jikin ƙarfe, ya rage kome, ya bar ƙashi da tsumma da duhu. Onobrakpeya ƙari ya yi. Dabarar da ta ba shi ƙarfi a wajen tatsuniya da ƙissa, watau ƙin barin fili ba ado, ita ce ta rage masa kaifi a nan, domin fari asalinsa fili ne da ba kome. Ana iya kāre shi da cewa addu'a ya zana, ba rahoto ba, kuma wanda ya sha wuya ba kullum yake son a nuna masa haƙarƙarinsa ba. Wannan magana tana da nauyi. Duk da haka, in aka jera wannan aiki da na shekarun 1960 da 1970, na farkon sun fi cizo.

5. Ibiebe da shafin littafi

Tsakanin 1978 da 1986 ya ƙirƙiro waɗansu alamomi da ya kira Ibiebe, masu lanƙwasa da kusurwa, waɗanda ya ɗora wa ma'anoni daga hikimar Urhobo, ya riƙa saƙa su cikin zane-zanensa. Suna da kyaun gani, kuma dangin adinkra ne na Gana. Amma kada mai tsara harshe ya ruɗe. Waɗannan ba haruffan da za a rubuta nauyin gyaɗa da su ba ne, irin aikin da aka koya wa masu awo da magatakardan kasuwannin ƙungiyar UNCC bayan kafa ta a 1962. Alamar Ibiebe tana tara ma'ana, kowa ya ɗebi gwargwadon saninsa. Harafin koyo kuwa sauti ɗaya ake so ya bayar, ga kowa, kullum.

Haka zanen da ke shafin farko na littafin koyo. In ana son a ce rago, to rago kaɗai za a gani, cikakke, da ƙafafunsa huɗu da ƙahonsa, ba tare da wani ado da zai sa wani ya ce tunkiya wani ya ce layya ba. Andreas Fuglesang, daga aikinsa a Zambiya wanda ya buga a 1973, ya nuna cewa hoton da aka share masa baya ya fi saurin ganuwa ga sabon mai kallo. A wannan mataki cikar fili irin ta Onobrakpeya cikas ce.

Amma yaƙi da jahilci ba ya ƙarewa a littafin farko. Inda aka fi yin hasara shi ne bayan an ba da takardar shaida, sa'ad da dattijo ya koma gida ba shi da abin karantawa da ya dace da shekarunsa, har harafin ya zube masa. Littafin tatsuniya, da na tarihin sarauta, da na karin magana, su ne suke bukatar zanen da mutum zai koma wa sau goma ya ga sabon abu, ya kira maƙwabci su yi gardama a kai. A nan hanyar wannan mai zane take da amfani. Akwai ma wata riba a gefe: a garuruwan da waɗansu malamai ba sa sakin jiki da surar mai rai, zanen da ya karkata ga zayyana ya fi samun shiga zaure.

Ba a bukatar asid ko injin matsa domin a fara. Yawancin ayyukansa na farko a jikin lino ya sassaƙa su, watau irin shimfiɗar daɓe mai kauri, kuma wannan ba ya cin kome sai wuƙa mai kaifi da tawadar ɗab'i da bayan cokali na murzawa. Layinsa baƙi ne mai kauri, yana jure wa takarda mai arha da injin kofi mai rauni, inda hoton na'ura yake komawa toka. Tun 1998 ya buɗe taron bita na lokacin hunturu a garinsu, inda masu digiri suke aiki tare da waɗanda suka koyi sana'a a gida. In aka yi irin wannan zama a Mayahi ko Tasawa bayan an kai amfanin gona rumbu, masu zanen ƙwarya da dukawa da maɗinka su ne za su fi saurin kamawa, domin hannunsu ya riga ya san zurfin layi. Abu ɗaya ne sai an nanata musu, shi ne juyin nan na ɗab'i. Wanda ya sassaƙa ɓ yadda yake ganin ta a allo, in aka buga a juye za ta fito, a sami wani abu mai kama da ɗ zaune a kan zanen ɓaure.